Makon da na shafe a kan bututun birki

Ƴan uwa masu koyo, motar da nake haɗawa a tsakar gidanmu a unguwar Garin Malam ta kai matakin birki. Ƙaramar mota ce mai kujera biyu a kan fasalin Lotus Seven, wadda ta fara fitowa a Ingila a 1957, kuma kayanta tsinto su na yi daga tsofaffin motoci: babban famfon birki, wanda makanikai ke kira masta, na motar Turai ne, birkin tayoyin gaba kuwa na motar Japan. Wannan gamin gambizar ne ya cinye mini kwana uku.

Bututun da na sa mai kaurin milimita 4.75 ne, na jan ƙarfe da aka gauraya da nikel, wanda aka kawo mini daga Kano. Yana lanƙwasuwa da hannu, kuma ba ya tsatsa. Wani mai sayar da kayan gyara ya so ya haɗa ni da na jan ƙarfe zalla irin na firji, na ƙi, domin girgiza tana sa shi ya yi tauri har ya tsage, kuma kun san gargadar hanyoyinmu da zarar an sauka daga kwalta.

Inda na sha wuya shi ne bakin bututu. Notin Turai da na Japan duka M10×1 ne, wato girmansu da zarensu ɗaya, saboda haka kowanne yana shiga ramin ɗan uwansa salin-alin, har mutum ya ɗauka aiki ya yi. Amma yawancin motocin Turai suna son baki mai kumburi kamar kan naman kaza, na Japan kuwa baki mai ninki biyu wanda ya buɗe kamar mazurari. Ni kuma na yi wa duka bututun baki mai ninki biyu, na ɗaure a jikin masta, sai ga man birki yana tsattsafowa duk lokacin da aka taka feda. Ƙara ɗaurewa ba ya magani, sai ma ya ɓata mazaunin. Dole na sake yanka bututu biyu, kowanne da baki iri ɗaya a wannan gefe, wani iri a wancan. A garin sauri har na buɗe bakin wani bututu ban zura noti ba tukuna, na sake yankewa.

Shimfiɗa bututun bai ba ni wahala ba. Na bi jikin shasi, na kafa maƙali kowane santimita 30, na nisanta shi da salansa, sannan na murɗa sitiyari iyakarsa dama da hagu don in tabbatar tiyon roba ba ya gogar taya.

Man birki kuwa nau'in DOT 4 na zuba, wanda sabonsa ba ya tafasa sai zafi ya kai digiri 230, alhali DOT 3 yana tsayawa a 205. Yana shan danshin iska, yana kuma cin fenti, don haka ban bar gwangwanin a buɗe ba. Ƙanena ya zauna yana taka feda ina fitar da iska, muka fara daga tayar da ta fi nisa da masta. Fedar ta yi ƙarfi yanzu. Na tokare ta da sanda, na shimfiɗa farar takarda ƙarƙashin kowace mahaɗa, gobe bayan sallar asuba zan duba ko akwai ɗigo.