Kujerar Baba

Shekara uku ke nan da rasuwar mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, kuma da aka yi rabo motarsa ce ta faɗo hannuna. Honda Accord ce ƙirar 2003, 'yar Kwatano, mai kujerun fata ruwan ƙasa. Inji lafiya lau har gobe. Kujerar direba ce ta shiga uku, musamman gefen hagu inda mutum ke gogawa wajen shiga da fita. Wurin ya koɗe, ya tsattsage kamar faso a dunduniya lokacin hunturu.

Da hannuna a ciki. Baba a gindin bedin ƙofar gida yake ajiye motar. Ni kuwa sai in bar ta a filin wurin aiki tun safe har la'asar, gilasai a rufe, a garin Katsina da zafin Afrilu ke haura digiri 40. Wajen wanki kuma da garin sabulun wanki ake dirje ta. Da na ga fatar ta bushe sai na lafta mata man kaɗanya, a tunanina gata na yi mata. Kwana biyu tana sheƙi, daga nan ƙura ta manne, ta cika tsagun suka yi baƙi ƙirin, farar shaddata ta Juma'a ta kwashi rabonta.

Har na yanke shawarar a ɗinka mata riga a rufe, sai wani abokina ya kai ni wurin wani dattijo mai gyaran kujerun mota ta wajen Ƙofar Ƙaura, ɗan gidan dukawa ne. Ya danna wurin da babban yatsa, ya murza, ya ɗago ya dube ni.

"Ɗana, fatar nan ba ta mutu ba. Fentin da ke kanta ne ya fashe."

A bakinsa na fara jin cewa fatar yawancin motoci ba kamar wadda majema ke jemewa da bagaruwa take ba, wadda ke shan mai ta yi laushi. Ta mota an rufe ta da launi, an bi da wani siririn shafi a sama, don haka man da na shafa bai ratsa ba, zama ya yi yana tara datti.

Kwana uku aka yi, kuma kusan yinin farko duk a wanki ya tafi. Sabulu mara ƙarfi, burushi mai laushi, tsumma mai ɗan danshi, a goge a sake, domin launi ba ya kama wurin da ke da maiƙo. Sai ya bi bakin tsagun da samfefa mafi laushi, a hankali. Abin cike tsagar fari ne kamar man goge baki. Da 'yar wuƙa mai faɗi yake shafa shi siriri, ya bari ya bushe, ya goge, ya sake, har sau uku. Na ƙosa na ce, "Baba, a zuba da kauri sau ɗaya mana." Ya ce in an yi haka, ranar da na zauna ranar zai fashe. Wuri guda da ya huje gaba ɗaya kuwa, ƙyalle ya tura ta ƙasa ya liƙe da gam kafin ya cike.

Haɗa launi ne ya fi burge ni. Bai dubi saman kujerar ba, can ƙasa ya leƙa inda rana ba ta taɓa kaiwa, ya ce wannan ne launinta na asali. Sai ya ɗiga kaɗan ya jira, don launi yakan sauya in ya bushe. Da soso ya riƙa dangwalawa, ba shafawa ba, daga ƙarshe ya bi da shafin kariya mara ƙyalli. Ya hana ni zama a kai sai bayan kwana biyu.

Ba ta koma sabuwa ba, tamojin fata na nan, amma tsagun sun ɓace. Ya tambaye ni ko a canza katifar ciki, tunda ta lotsa a inda Baba ya shekara yana zama. Na ce a bar ta haka.

Yanzu motar ta koma gindin bedi, a wurin aiki kuma ina rufe gilashin gaba. Makon jiya na ɗauki Hajiya za mu Daura gaisuwa. Kafin in shiga sai na ga ta miƙo hannu tana shafa gefen kujerar. Sai da muka fita gari sannan ta tambaye ni wa ya yi aikin.