Na hana yarana hawa keke a hanyar masu ƙafa

Ni sana'ata kai saƙo ce da keke, yara bakwai nake da su masu yi min aiki, mutum ya yi oda a shago mu ɗauko mu kai masa har ƙofar gida. Kusan rabin aikinmu a layukan shaguna yake inda jama'a suka fi cika, toh nan ne matsalar take, titi ya cushe da motoci yaro ya waiga ya ga gefen nan na masu tafiya a ƙasa da ɗan sarari, sai kawai ya haye da kekensa.

Da farko wallahi ban ɗauki abin da zafi ba, ni dai kaya su isa kan lokaci. Sai ranar da wani yarona ya banke wata dattijuwa tana fitowa daga shago da ledoji a hannu biyu, Allah ya taƙaita ba karaya, amma ni na je asibiti na yi ta ba 'ya'yanta haƙuri kaina a sunkuye. Yaron yana ta rantsuwa wai ba gudu yake ba, kuma na yarda da shi, a titi kilomita 20 a awa ai ba gudu ba ne. Amma mai ƙafa wajen kilomita 5 yake yi, shi kuwa mai keke a wannan saurin duk daƙiƙa ɗaya ya ci sama da mita 5, kafin ido ya gani hannu ya matse birki an riga an wuce ƙofar shagon. Ga shi mai fitowa daga shago ba ya duba hagu da dama, me zai duba a wurin da yake nasa? Keken batir ma ya fi muni, ga nauyi ga shi ba ƙara, a Turai sai ya kai kilomita 25 injin ke daina taimaka wa feda.

Da na zauna na yi lissafi sai na ga laifin har da nawa. Ina biyansu ne kan yawan saƙon da suka kai, kenan ni da kaina na sa musu gaggawar. Na mayar da shi albashi da ɗan ƙari a sama, na daina yi wa kwastoma alƙawarin minti kaza idan saƙon zai bi ta layin shaguna. Dokar ɗaya ce, in dole sai ka bi hanyar masu ƙafa to ka sauka ka tura. Kowane akwati na manna masa lamba babba yadda masu shaguna za su iya kirana, kuma suna kira kam, wasu har da abin da bai kai ya kawo ba.

Hana hawa keke a hanyar masu ƙafa ba sabon zance ba ne ma, a Ingila dokar da ake kama masu keke da ita kan wannan tun 1835 take, a Niyok kuwa sai ɗan shekara 12 zuwa ƙasa aka yarje wa, shi ma da ƙaramin keke.

Inda nake tausayin yaran shi ne titin kansa. Wani ya faka mota a layin keke, wani ya buɗe ƙofa ba tare da ya duba madubi ba, babbar mota ta matse ka jikin kwalbati, tsoro ne ke kora da yawansu sama ba rashin kunya ba. Mun haɗu da masu shagunan layin mun rubuta wa hukuma a ware layin keke da shinge na gaske ba fenti kawai ba, a kuma kafa ƙarafen jingine keke a bakin layi. Ƙarafen dai an kafa, shingen har yanzu muna jira.