Wasiƙar da ba ta isa ba

Jiya muna kwashe kayan marigayi Kaka, wanda ya daɗe yana katikis, wato mai koyar da addini a cocin Katolika, a Shandam, sai ga wani baƙin littafi, bangonsa duk ya sha hannu. Latin ne zalla. Ashe littafin addu'ar kullum ne na firistoci, wanda a da suke sauke Zabura 150 da shi duk mako, kafin a mayar da ita mako huɗu a 1971.

A tsakiyarsa na tsinci wasiƙar wani Fada, wato firist, ɗan ƙasar Ailan zuwa ga abokin aikinsa, ya rufe ta da "Oremus pro invicem". Fadanmu ya ce ma'anarsa: mu yi wa juna addu'a.

Na tambayi Mama yadda ta zo hannun Kaka. Ta fashe da dariya. Wai shi ne ɗan aiken, a kan keke.