Zuba wa Tsohuwar Mota Fetur Idan Bakin Tankinta a Ɓoye Yake

Duk lokacin da na shiga gidan mai da ɗaya daga cikin tsofaffin motocin nan, ni nake fita in buɗe bakin tanki da hannuna kafin mai zuba man ya iso. Ba rowa ba ce. Wanda bai san motar ba zai yi ta zagaye yana neman ƙofar tanki a gefe, in bai gani ba sai ya fara jan abin da bai kamata ya ja ba, kayan gyaransu kuwa samunsu sai an sha wuya.

Masu ƙera motoci a shekarun 1950 da 1960 ba sa son ƙofar tanki ta ɓata musu layin jikin mota, shi ya sa suka ɓoye ta. A Chevrolet ta 1956, akwai ɗan ƙarfe mai sheƙi a saman fitilar baya ta hagu. Ka murɗa shi, fitilar gaba ɗaya ta kwanto ƙasa, ga murfin a bayanta. A ta 1957 kuma an mayar da shi bayan wani yanki na adon ƙarfe a kan fiffiken hagu, sama da fitila. Cadillac na farkon shekarun 1950 danna ɗan maɓallin da ke jikin fitilar hagu ake yi, fitilar ta ɗaga sama. Faransawa ma sun yi nasu: Peugeot 403 fitilar baya ta hagu ce ƙofar, 404 ƙarama kuwa, Fijon da iyayenmu suka sani, a bayan lambar mota yake. Volkswagen mai ƙirar kunkuru, kafin samfurin 1968, sai ka ɗaga bonet na gaba, tankin mai cin lita 40 yana ciki tare da kayanka.

Na bayan fitila shi na fi kaffa-kaffa da shi. Makullin da hinjin galibi ƙarfen zubi ne mai gautsi, ba ya lanƙwasa, karyewa yake. In ya ƙi buɗuwa, ina danna fitilar ciki kaɗan da tafin hannu don nauyi ya sauka daga kan makullin, sannan in murɗa. Sukudireba ba ta da aiki a nan. Ɗigon man inji a hinji duk bayan 'yan watanni ya isa. Abin da ya fi wannan haɗari shi ne waya: duk buɗewa sai wayoyin fitilar sun lanƙwashe, shekara sittin suna haka, robarsu ta tsage, ga su kuma dab da tururin fetur. Kashe inji, kashe fitilu, kada wanda ke ciki ya taka birki ko ya kunna sigina har sai an rufe murfin.

Na bayan lamba matsalarsa daban. Lambar tana kan sifirin, tana son komawa, sai ta riƙa dukan kan tiyon tana kankare fenti. Wasu suna tokare ta da murfin tankin. Ni na fi son riƙe ta da hannu, don murfin yana zamewa ya faɗi, bakinsa ya lotse. Sannan wuyan tankin yana ƙasa-ƙasa, kusan a kwance. Famfon zamani yana turo mai da ƙarfi fiye da yadda iskar cikin tanki za ta iya fita, sai man ya dawo, ko dai famfon ya yi ta tsayawa, ko ya feso maka a wando. Abin da ke mini aiki: kada a cusa kan tiyon har ƙarshe, a ɗan karkata shi gefe don iska ta sami hanya, a matsa rabin ƙarfi, a kasa kunne. Idan ƙarar ta fara sauyawa ta yi siriri, ya kusa cika. Da famfo ya tsaya, a bar shi haka. Wannan "a ƙara kaɗan ya cika kuɗin" shi ne ke zubewa a bamba da zarar ka taka totur, domin man baya yake tafiya, daidai wurin murfin. Zafin rana ma yana kumbura shi.

Murfin kansa ana raina shi. Yawancin waɗannan tankuna ta ɗan ramin da ke jikin murfi suke shaƙar iska. Ka sa musu murfin zamani marar rami, motar za ta yi tafiya ta wani lokaci sannan ta fara shaƙewa ta mutu, kamar mai ya ƙare. Ka buɗe murfin ka ji ya ja iska, ta tashi lafiya. An sha sauke kafireto a banza saboda wannan. Robar da ke cikin murfin kuma in ta bushe a sauya ta, haka guntun tiyon roba da ya haɗa wuya da tanki, musamman inda ake cakuɗa fetur da ethanol, don yana cin tsohuwar roba. Warin fetur a cikin but bayan an cika tanki yawanci daga nan yake.

Bakin tsohon tanki yana da faɗi, babu matsattsiyar zoben da aka fara sa wa motocin Amurka a 1975, saboda haka kan tiyon gas, wato dizal, yana shiga ba tare da gardama ba. Ina duba famfon da idona kafin a matsa. A kunkuru kuwa ina shimfiɗa tsumma a kewayen bakin, in kwashe kaya gefe, don abin da ya ɗiga a nan warinsa cikin mota yake shiga, ya yi kwanaki bai fita ba.