Sunayen da ke ƙarƙashin ƙafata a Hamburg

Aikina raba kaya ne a keke, saboda haka ba abin da nake karantawa kullum kamar sunayen mutane a jikin ƙofa. Sai da na yi shekara biyu ina zirga-zirga a unguwar Grindel da ke birnin Hamburg na ƙasar Jamus kafin na san cewa akwai wasu sunayen a ƙasa, waɗanda nake takawa da takalmina.

Ranar 9 ga Nuwamba ce, ana yayyafi ga sanyi. Na jingine keke a ƙofar wani gida, sai na ga wata dattijuwa a durƙushe da tsumma, tana goge wasu ƙananan faranta na tagulla da aka kafa a cikin daɓen hanya. Kowanne bai fi tafin hannu ba, santimita 10 kowace kusurwa. Na gaishe ta, na tambaya ko danginta ne. Ta ce a'a, ita dai a gidan take zaune, su ma a gidan suka zauna. Na duƙa na karanta. Layin farko ya ce “a nan ya zauna”, sai suna, sai shekarar haihuwa, sai shekarar da aka tafi da shi, 1941, sai inda aka kai shi, Riga, babban birnin Latvia. Faranta huɗu, sunan gida ɗaya. Ƙaramar cikinsu ba ta kai shekarun 'yata ba.

Wani mai zane, Gunter Demnig, shi ya ƙirƙiro su, ana ce musu Stolpersteine, wato duwatsun tuntuɓe, don tunawa da mutanen da 'yan Nazi suka kwashe ko suka kashe. A Hamburg kaɗai sun haura 6,000. Kusa da wurin akwai wani fili da na sha ratsawa don yanke hanya, ashe a nan babban ɗakin ibadar Yahudawan birnin yake. An gina shi a 1906, 'yan Nazi suka lalata shi a Nuwamban 1938, a 1939 aka rushe shi, kuma Yahudawan aka tilasta wa biyan kuɗin rusau. Yanzu zanen rufinsa kawai aka shimfiɗa da duwatsu a ƙasa. Filin yana ɗauke da sunan babban malaminsu, Joseph Carlebach, wanda aka kai Riga a Disamban 1941, aka kashe shi a 1942.

Amma inda ya fi tsaya mini a rai shi ne Lohsepark, a sabuwar unguwar HafenCity. Yara na wasa, benaye sababbi fil, ga wata hanya ta ratsa tsakanin bango biyu ta kai ka ga ragowar dandamalin tsohuwar tashar jirgin ƙasa, Hannoverscher Bahnhof. Daga 1940 zuwa 1945, jirage 20 suka kwashi mutum fiye da 8,000 daga Hamburg. Akwai alluna 20 na sunaye. Na fara daga na farko ina zaton Yahudawa ne, sai na ga 20 ga Mayu 1940, 'yan ƙabilun Sinti da Roma, sama da mutum 900. An kama su ranar 16 ga wata, aka tsare su kwana huɗu a wani sito na ajiye 'ya'yan itatuwa a tashar jiragen ruwa, sannan aka loda su zuwa Belzec a Poland don aikin dole. Jirgin Yahudawa na farko bai tashi ba sai 25 ga Oktoba 1941, zuwa Lodz a Poland.

Gaskiya kafin ranar ban san su wane ne Sinti ba. Mutane ne da suka yi shekara ɗari shida a ƙasar Jamus, Jamusanci suke yi tare da harshensu na gado. Abin da ya ƙona mini rai shi ne abin da ya biyo bayan Yaƙin Duniya na Biyu. A 1956 babbar kotun tarayya ta yanke cewa abin da aka yi musu kafin 1943 ba don jinsinsu ba ne, wai halinsu ne ya jawo. Kenan wanda ya tsira daga jirgin Mayun 1940 ya dawo gida ba uwa ba ɗa, aka ce ba shi da diyya. Sai a 1982 shugaban gwamnati Helmut Schmidt, haifaffen Hamburg, ya amsa cewa kisan ƙare dangi aka yi musu. Wurin tunawa na tashar kuwa sai 2017 aka buɗe shi.

Na auna da kekena: daga dandamalin zuwa babbar tashar birni bai kai tafiyar minti biyar ba. Ba a daji aka yi wannan abu ba, a tsakiyar gari aka yi, mutane na zuwa aiki suna dawowa. Asabar da ta wuce na kai 'yata. Ta bi allon farko da yatsa tana haɗa baƙi, ta ɗago ta ce, “Baba, wannan sunan ai akwai mai shi a ajinmu.”