Na je Emmitsburg da zumuɗin raba bargo, aka zaunar da ni a kujera

Bas ɗin da ya kwashe mu daga filin jirgin sama na Baltimore ya tashi da la'asar sakaliya, ranar Lahadi. Kowa ya rungume jakarsa ya yi gum, irin shirun baƙin da ba su san juna ba tukuna. Muka yi yamma har Frederick, daga nan direba ya karya kan mota arewa, ya hau hanya mai lamba 15. Gonaki ta dama, duwatsun Catoctin ta hagu. Wani ɗan kwana-kwana da ke gefena ya nuna mini dajin da ke saman Thurmont, ya ce a can ciki Camp David yake, wurin hutun shugabannin Amurka. Na miƙa wuya na leƙa, ban ga komai ba sai itatuwa.

Emmitsburg ɗan ƙaramin gari ne a arewacin jihar Maryland, dab da iyakar Pennsylvania, kuma a nan FEMA, hukumar kula da bala'o'i ta gwamnatin Amurka, take da cibiyar horas da ma'aikatan agajin gaggawa. Da muka shiga harabar na ce wannan ai ta fi kama da tsohuwar makarantar kwana. Ashe ita ce. Kwalejin mata ce ta 'yan Katolika da aka rufe a 1973, gwamnati ta saye ta a 1979, shekarar da Shugaba Jimmy Carter ya kafa FEMA.

Ofishin agaji na gundumar da nake aiki ne ya turo ni. Na yi shekaru ina aikin sa kai a matsugunan wucin gadi, na jera gadaje, na raba barguna har kafaɗa ta yi tsami, don haka na shigo aji ina jin kaina tsohon hannu.

Malamarmu dattijuwa ce mai furfura, ba ta da yawan magana. Ran farko ba ta ko kunna allo ba. Ta durƙusa ta manna tef a ƙasa, ƙafa 5 faɗi, ƙafa 8 tsawo, ta ajiye gadon soja a ciki, ta ce in kwanta. Na kwanta. Ta ɗora jakata a gefen gado, sauran filin bai fi na ajiye takalmi da juyawa ba. "Ga gidanka na mako biyu," in ji ta. Murabba'in ƙafa 40 ke nan, rabon mutum ɗaya idan zaman zai daɗe. In na fakewa ne kawai kafin guguwa ta wuce, rabinsa ake bayarwa. Mai keken guragu kuwa yana buƙatar kusan 100. Nan take zauren makarantar da muka rubuta a takarda cewa zai ɗauki mutum 300 ya soma tsukewa a idona.

Daga nan sai lissafi. Ƙa'idojin Sphere, waɗanda ƙungiyoyin agaji suka soma tsarawa a 1997 bayan kwalara ta yi ɓarna a sansanonin 'yan gudun hijirar Ruwanda a Goma cikin 1994, sun ce a ba kowane mutum aƙalla lita 15 ta ruwa a rana, bayan gida ɗaya kuma kada ya wuce mutum 20. Malama ta sa mu lissafa waɗannan ga mutum 600, na tsawon kwana 10. Aji ya yi tsit.

A tsarin Amurka an kasa aikin tunkarar bala'i gida 15, na 6 shi ne namu: matsuguni, ciyarwa, raba kayan agaji, da haɗa iyalan da rikici ya warwatsa. FEMA da Red Cross ne ke jan ragamar kula da jama'a tare. Kusan kowane darasi sai ya koma kan guguwar Katrina ta Agustan 2005, lokacin da madatsun ruwa suka ɓalle, kusan kashi 80 cikin 100 na birnin New Orleans ya nutse, dubban mutane suka maƙale a filin wasa na Superdome ba wuta, ba bayan gida mai aiki. Da aka zo batun karnuka da kyanwoyi na yi dariya a ciki, na ce ana ta kai wa yake ta kaya. Amma mutane da dama sun ƙi barin gidajensu a Katrina don an hana su tafiya da dabbobinsu, har majalisa ta yi doka a 2006 cewa a sa dabbobin gida cikin shirin kwashe jama'a. Na haɗiye dariyata.

Ran Laraba aka yi gwaji, kuma a nan na ji kunya. Aka ce ambaliya ta ci wani gari na ƙage, matsugunai uku, ni ne mai haɗa kan aikin. Aka ba ni tebur, waya, taswira, da mutum biyar a ƙarƙashina. Biyar ɗin ba haka kawai ba ne: tsarin shugabancin da aka gina bayan gobarar dajin Kalifoniya ta 1970 ya nuna shugaba ɗaya ya fi iya riƙe mutum uku zuwa bakwai. Sai katuna suka soma faɗowa kan tebur. Motar abinci ta je makarantar da ba ita ba. Yaro ɗan shekara shida ba a ga uwarsa ba. Wata coci ta aiko da tsofaffin tufafi cike da tirela, ba wanda ya roƙa, ba inda za a sauke.

Can sai ga kati: wata tsohuwa mai numfashi da na'ura, wuta ta ɗauke a matsuguni na biyu. Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ruga kusurwar da aka mayar matsuguni na biyu, na shiga neman janareto tare da su. Minti shida na yi. Da na dawo, waya ta yi ta ruri ba mai ɗauka, mutanena biyu sun yi odar ruwa iri ɗaya, matsuguni na uku bai samu ko ɗigo ba, uwar yaron kuma ta bugo sau biyu ta gaji.

Malama ta tsaya a kaina, ta ce, "Wa ya zauna a kujerarka da ka tashi?"

Na ce, "Malama, ai rai ne."

"Rai ne. Akwai wanda aikinsa ke nan, kuma lambarsa tana gabanka. Kai ne kaɗai ke ganin matsugunai ukun gaba ɗaya."

Na so in yi gardama, don har yanzu ina ganin wanda bai taɓa ɗaukar gado da hannunsa ba bai kamata a ba shi teburin nan ba. Amma daren nan na kwana ina juyi. Tashin da na yi ya fi mini sauƙi ne, shi ke nan. Zama a kujera kana jin kukan mutane ta waya, kana tura wani, ya fi dakon kaya nauyi.

Ran Juma'a da safe na biya ta dandalin tunawa da 'yan kwana-kwanan da suka rasu a bakin aiki, wanda ke cikin harabar, sannan na hau bas. Katin tsohuwar yana aljihun rigata, na manta ban mayar ba. Kafin mu kai Thurmont na tura wa abokin aikina saƙo: makarantar nan da muka sa a jerin matsugunai, wa ke riƙe da makullin ɗakin janareto? Sai da muka shiga Frederick amsa ta zo: "Bari in tambaya."