Daren da na kaɗa ƙararrawa a Patong

Ba giya ce ta kai ni Patong ba, gara in faɗa tun da wuri kafin masu saurin yanke hukunci su yi mini ca. Kaya ne suka kai ni Tailan. A watan Janairun 2024 na raka maigidana, ɗan kasuwa a Kantin Kwari, zuwa Bankok ta Addis Ababa. Mako guda muka yi a kasuwar Pratunam muna ɗaga riguna muna ajiyewa, har ƙafafuna suka fara kumbura. Da muka gama saro, mai ɗaure mana kaya ya ce sai bayan kwana huɗu zai kammala. Alhaji ya ce shi kam hutawa zai yi. Ni kuwa tun ina firamare nake jin teku a bakin malamai, ban taɓa tsoma ƙafa a cikinsa ba.

"Je ka gani, amma ka riƙe kanka," in ji shi. "Kuma kar in kira wayarka in ji ta a kashe."

"In Allah ya yarda, Alhaji."

Daga Bankok zuwa tsibirin Puket tafiyar awa ɗaya da 'yan mintuna ce a jirgi, sai kuma kusan awa guda a mota zuwa garin Patong. Hanyar takan hau dutse tana lanƙwasa, sannan ta gangaro, sai ka ga garin shimfiɗe a ƙasa, ga ruwan tekun Andaman a bayansa har iyakar ganinka. Na yini a bakin ruwa kamar ƙaramin yaro. Na shiga har gwiwa, igiyar ruwa ta taso ta watsa mini gishiri a baki, na fito da gudu. A kan turakun titi akwai wasu shuɗɗan alluna da zanen mutum yana gudu, ambaliya na bin sa. Hanyar tsira ke nan idan teku ya sake abin da ya yi ranar 26 ga Disambar 2004, lokacin da tsunami ta halaka sama da mutum 5,000 a ƙasar. Ban ga mai kallon allunan ba sai ni.

Da magariba na tambayi matar da ke karɓar baƙi a masaukina inda mutum zai je ya ga gari da dare. Ta ce titin Bangla, ta kuma miƙo mini wata takarda mai launi: zagayen mashaya ne da jagora, mashaya huɗu da gidan rawa ɗaya, baht 800, wato kuɗin ƙasar. Na ce mata ba na sha. Ta ɗaga kafaɗa, ta ce akwai lemo, kuma baƙon da ya shiga Bangla shi kaɗai a daren farko, 'yan talla da masu jan hannu ne abokan hirarsa. Cikin ayari kuwa ba mai damun ka. Ba zan yi ƙarya in ce yaudarata aka yi ba. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Son gani ne kawai ya ci ƙarfina, na biya.

Ƙarfe takwas da rabi muka haɗu, mu ashirin da uku. Akwai 'yan Ostireliya, su ne suka fi kowa murya, akwai 'yan Ingila da rana ta gasa har sun yi ja kamar tattasai, da samari uku daga Indiya cikin sababbin takalma, da wasu 'yan mata biyu daga Jamus. Baƙar fata ni kaɗai. Jagorarmu 'yar Tailan ce, gajera, ba za ta wuce shekara talatin ba, da usur a wuya da 'yar tuta a hannu. Sai da ta duba shekarun kowa, domin a ƙasar ba a sayar wa wanda bai kai shekara 20 ba giya, sannan ta ɗaura wa kowa wani ruwan ɗorawar zare na roba a hannu. Da ta zo kaina na sake maimaita cewa ba na sha. Ta dube ni sama da ƙasa, ta yi dariya.

"Madalla, pi. To mu biyu ke nan. Kai ne na ƙarshen layi, duk wanda ya ɓalle ka gaya mini."

Daga baya na gane "pi" yaya ke nan a harshensu. Haka kawai, da kuɗina, na zama ƙaramin makiyayi.

Titin Bangla bai kai rabin kilomita ba. Ya taso daga bakin teku ya ƙare wajen katafaren kantin Jungceylon, kuma da yamma ake rufe shi ga motoci. Amma ban taɓa ganin ɗan guntun titi da aka cusa wa hayaniya irin wannan ba. Kowace mashaya da kiɗanta, kowane kiɗa yana ƙoƙarin danne na maƙwabcinsa, har ka riƙa jin ganga a cikin haƙarƙarinka. Ga fitilu ja da shuɗi, ga allunan farashi da Turanci da Rashanci da Sinanci, ga shaguna masu hoton koren ganye, tunda a 2022 aka sassauta dokar wiwi a ƙasar. Wasu dogayen 'yan daudu cikin fukafukan ado sun tsaya tsakiyar titi, kana ɗaukar hoto da su kana biya. Samari na tura maka kwali a fuska, ɗauke da jerin wasannin da ba zan rubuta a nan ba. Na san Sabon Gari da dare, amma in aka gwada da nan, Sabon Gari zauren karatu ne.

A mashaya ta farko aka jera ƙananan kofuna, kowa ya ɗaga ya kurɓe a tashi ɗaya. Ni aka ba ni ruwan kwakwa a cikin ƙoƙonta, da sanyi har haƙori. Mutanen nan a bokiti suke shan giya, irin ɗan bokitin robar da yara ke wasan ƙasa da shi: a zuba barasar ƙasar mai suna SangSom, a ƙara Coca-Cola da ƙanƙara da wani ruwan ƙara kuzari, a soka tsinkayen zuƙa biyar, mutum biyar su sunkuya a kai kamar awaki a kwatarniya. Ruwan kuzarin Krating Daeng ne, a 'yar ƙaramar kwalba mai hoton bijimai biyu. Jagorar ta ce daga shi Red Bull ya samo asali, wani ɗan Ostiriya ne ya ɗanɗana shi a Tailan ya kai Turai a shekarun 1980. Wannan kam na sha, zaƙi ne kamar maganin tarin yara.

A ta biyu wasanni aka yi. Akwai wani kututturen icce da ake kafa ƙusoshi a kai, a ba ka guduma ka doka da siririn bakinta, wanda ƙusarsa ta rage a tsaye shi zai saya wa saura. Na cinye su sau uku a jere. Ba gwaninta ba ce, ni kaɗai ne nake ganin ƙusa ɗaya a inda ƙusa ɗaya take.

A ta uku abin ya faru.

Wuri ne buɗaɗɗe, dogon teburi zagaye da kujeru masu tsawo, ma'aikata mata a tsakiya. Ƙishi ya dame ni, na ɗaga hannu sau biyu ba wadda ta gani. Sai idona ya kai kan wata ƙararrawar tagulla a rataye bisa teburin, da igiya mai tuntu tana lilo daidai kaina. Na ce a raina, mutanen nan akwai tsari, ga abin kiran ma'aikaci an tanada. Na kama igiyar na kaɗa, ba ma sau ɗaya ba.

Wurin ya ɗauki ihu kamar an ci ƙwallo a minti na 90. Ma'aikatan suka hau tafi, mai kiɗa ya kira ni da "Afirka" a lasifika, wani ƙaton ɗan Ostireliya ya rungume ni yana warin bokiti. Ni ina ta murmushi kamar wawa, ina zaton haka suke karrama baƙo. Sai na ga an fara jera kofuna a teburi, layi guda, ana ƙirga kawuna, har da mutanen da ba na ayarinmu ba. Ɗaya daga cikin samarin Indiya ya matso kunnena ya ce duk wanda ya kaɗa wannan ƙararrawa, ya ɗauki nauyin shan kowa da ke wurin ke nan.

Gumi ya keto mini. Mutum ya fi arba'in a wurin. Lissafi biyu ne suka zo mini a lokaci guda, kuma wallahi ban san wanda ya fi tayar mini da hankali ba: kuɗin komawata Bankok da ke aljihu, ko kuwa a ce ɗan gidanmu, wanda kakansa ya yi limanci shekara da shekaru, shi ne ya shayar da mashaya guda giya daga aljihunsa.

Usur ɗin jagorar ne ya cece ni. Ta ratsa mutane ta isa wajen wata dattijuwa da ke zaune gaban akwatin kuɗi, ta haɗa tafukanta a ƙirji ta ɗan rusuna, yadda suke gaisuwa, suka yi ta magana da harshensu. Ina jin kalma ɗaya tak da na gane, "Muslim". Dattijuwar ta leƙo ni ta saman tabarau, ta daɗe tana kallo, sannan ta fashe da dariya har tana dukan teburi. Aka yi sulhu: zan saya wa ma'aikata shida lemon kwalba, magana ta mutu. Na biya baht 600 hannuna na rawa. Masu jiran banza suka yi mini ihun tsiya, cikin minti biyu kuma sun manta da ni.

"Pi," in ji jagorar da muka fito, "a titin nan kar ka taɓa abin da ke rataye, kar ka karɓi abin da aka miƙo maka, kar ka bi wanda ya ce kyauta ne."

A hanyarmu ta zuwa ta huɗu muka ɗan yi hira, tana tafe tana waiwaye, bakinta na ƙirga: nung, song, sam. 'Yar yankin Isan ce, can arewa maso gabas, inda da yawa daga cikin ma'aikatan wannan titi suka fito. Mahaifinta manomin shinkafa ne. Na ce mata a garinmu har yaro ya san shinkafa 'yar Tailan, ta ce to in gaya wa mutanenmu su riƙa biya da tsada, ko ta samu ta koma gida. Dare shida a mako take wannan zagaye daga Nuwamba zuwa Afrilu, kafin damina ta zo a kafa jajayen tutoci a bakin ruwa, baƙi su ragu. Tana da kamasho a kan kowane kai da ta shigar mashaya, shi ya sa ba a barin mu mu wuce minti arba'in a wuri ɗaya. Ci-rani dai, irin wanda na sani. Tun daga nan na daina kallon masu rawa, na koma kallon masu aiki: yaron da ke jan buhun ƙanƙara, matar da ke goge amai da tsumma tana murmushi, masu gadin ƙofa da ba sa ko kaɗa kai ga kiɗan.

Wajen ƙarfe ɗaya muka isa ƙofar gidan rawa. Ta ƙirga, ashirin da biyu. Ta dube ni. Na koma da baya, na tarar da wani ɗan Ingila zaune a kan dakalin wani kanti, takalmi ƙafa ɗaya, yana ba wa kare labarin budurwar da ta rabu da shi. Muka ciccibe shi ni da ita zuwa bakin titi. Tuk-tuk ɗin Puket ba mai ƙafa uku ba ne irin adaidaita sahu, 'yar jar a-kori-kura ce mai fitilu da lasifika. Ta karanta sunan otal ɗinsa a jikin katin ɗaki, ta yi ciniki da direba, ta ɗauki hoton lambar motar, sannan ta bar su suka tafi. A nan na yi mata sallama. Gidan rawar ban shiga ba, abin da na gani ya ishe ni.

A kusurwar titin bakin teku na ji ƙamshin man suya. Wani mutum ne da farar hula a kan amalanken roti, matarsa da ɗankwali tana karɓar kuɗi. Na yi masa sallama don gwaji, ya amsa cikakkiya, har da wa barakatuhu. Ya murza ƙullin, ya yi ta maka shi a faranti har ya zama kamar takarda, ya shimfiɗa a kasko, ya yanka ayaba da ƙwai a ciki, ya naɗe kusurwa huɗu, ya daddatsa, ya tsiyaya madarar gwangwani. Ya ce shi mutumin Kamala ne, gari na gaba a bakin ruwa, inda Musulmi suke da yawa da masallatansu, kuma a can "bang" ake kiran babban namiji. Ya dubi zaren da ke hannuna, ya dube ni, bai ce komai ba, sai ya ƙara mini madara. Na ci biyu a tsaye.

Da asuba ina alwala, na zo wanke hannun hagu, sai ga zaren nan ruwan ɗorawa. Na ja, ya ƙi tsinkewa, sai da na sa abin yanke farce. Ina idar da salla waya ta yi ƙara.

"Kai, ka ga tekun?"

"Na gani, Alhaji. Da girma."

"To madalla. Kuɗin hannunka dai suna nan ko?"

"Suna nan, Alhaji. Ɗari shida ce kawai ta tafi a lemo."

Ya yi shiru kaɗan. "Lemon me ake sayarwa ɗari shida?"

"Sai na dawo, Alhaji."